Ajin zane na manya: wannan darasin tarihi dole ne?

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar zane. Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a unguwar Jahun. Na shiga wani ajin manya da ake yi ranar Asabar a nan Bauchi don in iya zana samfurin riga a takarda kafin in sa almakashi, saboda mace za ta kwatanta mini abu da baki, in ɗinka, ta zo ta ce ita ba haka ta ce ba. To tun da muka fara ba mu zana riga ko ɗaya ba. Buta, kwano, ƙwai, kujera, sai a sake komawa kan buta. Abin da ya fi damuna kuma, in an kusa tashi sai malamin ya rufe taga ya kunna majigi, yana nuna mana zanen mutanen da suka mutu tun kaka da kakanni yana ba mu labarinsu. Ni kuwa na bar shago a hannun yara, ga kuɗin keke zuwa da dawowa. Don Allah wannan tarihin dole ne, ko malamin cike lokaci kawai yake yi?

Ɗan Wunti:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki koma shagonki kawai. Zane baiwa ce, wanda yake da ita tun yana firamare yake cika bayan littafi da motoci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ga waya, mai ɗinki ta nuna miki hoton abin da take so, shi ke nan an huta.

Maman Husna:
Hoton ne ma matsalar ƙanena. Za ta kawo hoto uku, ta ce wuyan wannan, hannun wancan, ƙasan ɗayan. Kowa da abin da ke cikin kansa.

Baba Mai Ritaya:
Ɗan Wunti, yaro man kaza. Ni na haura sittin, kuma sai da na ajiye aikin gwamnati na fara riƙe fensir don zane. Maganar baiwa da kake yi, je ka duba Van Gogh, ɗan ƙasar Holan da yanzu ake kokawar sayen zanensa. Ya yi aikin shagon sayar da hotuna, ya yi koyarwa, ya yi wa'azin addininsu a cikin masu haƙar kwal a Beljiyam, duk bai zauna ba. Sai a 1880, yana da shekara 27, ya yanke shawarar zama mai zane, ya rasu a 1890. Duk abin da ake yayatawa a cikin shekara goman nan ya yi shi, kuma zanensa na farko-farko in ka gani za ka san da gumi ya koya. Akwai kuma Henri Rousseau, ma'aikacin karɓar haraji a ƙofofin birnin Faris, wanda ya ajiye aiki a 1893 yana da shekara 49 ya duƙufa kan zane. 'Yan jarida sun yi ta yi masa dariya, yau zanensa na rataye a manyan gidajen tarihi. A ina na san waɗannan? A irin darasin da 'yata Maman Husna take kuka da shi. Da ban ji su ba, da maganar irin su Ɗan Wunti ta kore ni tun watan farko.

Ɗan Wunti:
Allah ya huci zuciyar Baba. Amma mutum biyu a cikin miliyan nawa?

Baba Mai Ritaya:
Wa ya ce maka suna nake nema? Ni dai in zana dutsen Zaranda, jikana ya kalla ya ce Zaranda ne, bai ce tulin yashi ba.

Malamin Zane:
Barkanmu da war haka. Ni ba ni ne malamin Hajiya ba, amma na yi karatun zane a Zariya kuma ina koyar da manya da yamma, don haka bari in tare wa abokin sana'ata.

Maganar buta da ƙwai tukuna. Babban mutum in ya zo aji, hannunsa lafiya lau yake. Tela da ke yanka wuyan riga ba tare da ta kauce ba, hannunta ya fi na ɗalibai da yawa. Inda aikin yake shi ne ido. Ka ce wa babba ya zana bakin kofi da ke kan tebur a gabansa, sai ya zana da'ira cikakkiya, saboda ya san bakin kofi zagayayye ne. Alhali daga inda yake zaune abin da idonsa ke gani da'ira ce da aka danne, mai kama da ƙwai a kwance. Abin da ya sani ya rinjayi abin da yake gani. Watannin farko duk yaƙin da ake yi ke nan.

Shi ya sa ake koya miki ki miƙa hannu sosai, ki rufe ido ɗaya, ki auna tsawon butar da fensir, ki ga faɗinta sau nawa zai shiga tsawonta. Shi ya sa ake cewa ki bar kujerar, ki zana sararin da ke tsakanin ƙafafunta, don wannan sararin ba ki da hotonsa a kai, dole ki kalla. Ƙwai kuma don haske da inuwa ne: ba shi da ado ko kusurwa da za ki ɓuya a bayansu. Akwai inda haske ya fi bugawa, akwai inda ya fara dusashewa, akwai duhun jikinsa, sannan can ƙasa kusa da tebur akwai ɗan hasken da tebur ya mayar masa, sai inuwar da ya jefa. Wanda ya iya waɗannan a jikin ƙwai zai iya su a kafaɗa da kumatu.

Ki ƙara haƙuri Hajiya, in malaminki yana bin tsari, abin da ke biye shi ne a jefa yadi a kan kujera a ce ku zana. Nan ne gonarki. Shadda tana karyewa da kaifi, atamfa mai sitaci tana tsayawa, yadi mai santsi yana zuba. Ke kin san wannan da hannu, saura ki san shi da fensir.

Maman Husna:
Na gode Malam. Wannan na gane shi, kuma gaskiya ya yi maganar yadi zai zo. Amma ba ka taɓa tarihin ba.

Autan Kobi:
Ni ma shi nake jira. Ni a YouTube na koya, ba wanda ya ba ni tarihin kowa, kuma ina zana fuskar amarya da ango ana biyana.

Malamin Zane:
Auta, gida-gida kake ja a kan hoton ka kwafe, ko?

Autan Kobi:
E mana, ai kowa haka yake yi.

Malamin Zane:
Ba laifi ba ne, tsofaffin gwanaye ma sun yi amfani da wannan dabarar. Amma ranar da aka zaunar maka da tsoho a gabanka babu hoto, za ka sa masa idanu can sama kusa da goshi kamar yadda kowane sabon shiga yake yi, alhali idanu a tsakiyar kai suke in ka auna daga ƙoƙon kai zuwa haɓa. Gwada a madubi yanzu.

To tarihi. Duk wata dabara da ake koya muku a aji, wani ne ya sha wahala kafin ya gano ta, kuma in ka san matsalar da ta sa aka nemo ta, ba ka mantawa. Ɗauki ƙa'idar nesa da kusa. Ka tsaya a kan layin dogo ka kalli gaba, ƙarafan biyu suna matsowa har su haɗe a wuri ɗaya daidai tsayin idonka. Kowa yana ganin haka tun da aka halicci ido, amma sai wajen 1420 wani magini a birnin Florence na Italiya, Brunelleschi, ya nuna yadda za a lissafa shi a kan allo, Alberti kuma ya rubuta ƙa'idar a 1435. In malami ya nuna miki zanen ɗaki na kafin lokacin, inda tebur yake kamar zai zubar da kwanukan da ke kansa, ya nuna miki na bayan lokacin, a minti biyu za ki fahimci abin da zai yi awa yana bayani a allo. Kuma su mutanen Italiyan ba daga sama suka tsinto ba. Ilimin yadda ido ke gani sun gaje shi ne daga Ibn al-Haytham, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira ya rasu wajen 1040, wanda ya kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo. An juya littafinsa zuwa Latin, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantawa.

Wani misalin. Kafin 1841, a Turai niƙa kala ake yi a kwaɓa da mai, a ɗura a mafitsarar alade a ɗaure. A shekarar ne wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake matsawa. Daga nan fita waje da fenti ya yi sauƙi, masu zane suka riƙa zama bakin kogi suna kallon rana da idonsu, suka lura inuwa ba baƙa ba ce, tana da shuɗi da shunayya a ciki. Su Monet ke nan, masu zane na Faransa da suka yi bajekolinsu na farko a Faris a 1874 aka yi ta zaginsu wai ba su gama aikin ba. Yau in na hana ɗalibi ya sa baƙin fenti a inuwar bango, gadon waɗannan mutanen nake ba shi.

Mai Burushi:
Malam ka yi bayani, amma ka lura duk sunayen da ka kira ban da ɗaya na Turawa ne? Ni na yi shekaru ina rubuta allon shago da zanen bayan manyan motoci, zaki da dabino da dawisu, tun kafin injin buga bana ya zo ya kashe mana kasuwa. Na taɓa leƙa irin ajin nan. Daga Girka aka fara, aka bi ta Italiya, aka sauka a Faransa, aka tashi. Kamar mu nan ba mu taɓa riƙe kala ba sai da Bature ya zo. In irin wannan tarihin ne ake ba Hajiya, ina bayanta, ɓata lokaci ne.

Anti Nas Gombe:
Wallahi ka faɗi abin da ke raina. Ni daga Gombe nake bibiyarku. Matan Fulani da ke ƙona ado a jikin ƙwarya, da masu zanen lalle, su ba masu zane ba ne?

Malamin Zane:
Ban musa ba ko kaɗan, kuma wannan faɗan ya girme mu duka. A 1958, a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai suka kafa ƙungiya saboda wannan ƙorafin naka. Su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko, Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, manhajar ta Ingila ce. Abin da suka tsaya a kai shi ne za su karɓi dabarar da kayan aikin, amma abin da za su zana da salon da za su bi daga gida za su ɗauko. Okeke ya koma kan uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma kan tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Abin da ke ba ni takaici, a ƙasar Hausa aka yi wannan yunƙurin, ga bangayen birnin Zariya cike da ado a gabansu, amma mu 'yan gida ba mu cika ajin ba a lokacin, har yanzu ma ba mu cika ba.

Baba Mai Ritaya:
Mu a namu ajin da Geji aka fara. Nan ƙaramar hukumar Toro, akwai zane a jikin dutse da jar kala, shanu da namun daji da mutane. Akwai irinsa a Shira, akwai a Birnin Kudu ta Jigawa. Na yi aiki shekara da shekaru ina bin hanyar Jos ban san da shi ba. Daga nan aka kai mu kan kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara dubu biyu, wasu suna gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Mai Burushi:
To wannan malamin naku ya san abin da yake yi. A ƙara da Babban Gwani, Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ba sai an je Zariya ba, aikinsa yana Kafin Madaki, gidan Madaki. Ka shiga ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan ginin, ke haɗuwa a rufi, da ƙasa da azara kawai. Ga masu shafen makuba, ga dagi a fuskar zaure. Su ma sun san ma'auni, ba da ka suke yi ba.

Maman Husna:
Mu kam har yanzu muna Italiya.

Malamin Zane:
Hajiya ki ɗaga hannu ki tambaye shi. Ajin manya ne, da kuɗinki kika zo. Ki ce ya kawo tarihin aikin babbar riga. Aska biyu da aska takwas ba mai allura ne ke ƙirƙiro su yana tafiya ba. Akwai mai zana riga, galibi malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami, shi zai fitar da adon a jikin yadin da tawada, sannan mai ɗinki ya bi. Wato abin da kika je nema, zana kafin a ɗinka, tsohuwar sana'a ce a garuruwanmu. Ki ce ya kawo Ladi Kwali, wadda ke bayan naira ashirin. Ta riga ta ƙware a ginin tukunya irin na Gwari kafin ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja. Babbar mace ce ta koma aji ta koyi juya yumɓu a kan faifai da gasawa a tanderu mai tsananin zafi, ba ta yar da kadangaru da kifayen da take zanawa tun a gida ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Ɗalibin Ilimi:
Ku gafarce ni, ana ta magana an tsallake babban abu. Zanen mai rai fa? Akwai hadisai masu tsanani a kan masu yin surori. Kada neman ado ya kai mutum ga abin da ya fi ƙarfinsa.

Autan Kobi:
An zo wurin.

Shugaban Zaure:
Auta a yi hattara. Tambaya ce mai kyau, a amsa da ladabi ko a yi shiru.

Ɗalibin Ilimi:
Ba faɗa na zo yi ba. Abin da na karanta, a Bukhari da Muslim akwai mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin surori yake ci, Ibn Abbas ya tsoratar da shi, sannan ya ba shi mafita, cewa in dole ne ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. A mazhabarmu ta Malikiyya an bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda shi ne haramcinsa ya fito fili, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Wasu malaman kuma sun tsananta a duka biyun. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya zauna da malaminsa. Roƙona ga masu koyarwa shi ne kada a tilasta wa wanda zuciyarsa ba ta natsu ba.

Malamin Zane:
Allah ya gafarta Malam, haka nake yi. Kusan rabin ɗalibaina ba sa zana fuska, kuma ba abin da ya rage su. Haske da inuwa, nesa da kusa, haɗa kala, duk ana koyonsu a kan buta da kuka da ganuwa. Masu ɗinki ma da yawa suna zana rigar a kan jiki marar fuska. Sannan duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya taɓa wannan fannin bai sani ba. Wa ya manta da allon zayyana ranar sauka? Layuka da da'irori da ja da rawaya da kore, an raba fili daidai wa daida ba tare da rula ba. Tawadar ma da hannu ake haɗa ta, a sa ƙaro don ta kama, kuma ƙaron nan shi ne dai ake sa wa fentin ruwa na kanti har gobe.

Akwai mutumin da nake so kowane ɗalibi a Arewa ya sani, Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo. Ya je Landan ya koyo zane irin na Turawa, ya dawo Khartoum ya baje aikinsa, mutanen gari ba su ga abin da ya shafe su a ciki ba. Sai ya koma kan harafin Larabci da adon allo da kalolin ƙasarsu, ya gina salonsa daga nan. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya shirya bajekolin aikinsa na tsawon rayuwa. Duk wanda ya tashi a tsangaya in ya ga aikinsa zai ji kamar ya san shi.

Ɗalibin Ilimi:
Wannan ban san shi ba. Zan nema in gani.

Ɗan Wunti:
Duk na ji. Amma ku faɗa mini gaskiya, akwai kuɗi a ciki? Yanzu waya ma tana zana maka duk abin da ka ce mata cikin daƙiƙa.

Mai Burushi:
Kuɗi kam sai a hankali, kada a ruɗe ka. Za ka ji an ce an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, gaskiya ne, amma shi ya rasu tun 1994. A Bauchi wanda zai sayi zane ya rataya a falo bai da yawa, ya fi son agogon bango. Inda ake ɗan samu shi ne bangon makarantun yara, adon shago, rubutun ayoyi a firam, sai masu fuska irin su Auta lokacin biki.

Anti Nas Gombe:
Ni ba don kuɗi nake yi ba. In na fito daga aikin dare kaina ya cika da kukan marasa lafiya, in na zauna da fentin ruwa na rabin awa sai in ji na dawo daidai. Matsalata ɗaya, da hunturu kafin in kai burushi ƙarshen takarda farkon ya bushe, sai sararin sama ya fito da layi-layi.

Malamin Zane:
Anti, iskar hunturu ce, ba hannunki ba. Ki jiƙa takardar da ruwa zalla tukuna, ki kwaɓa kalar da yawa a murfi kafin ki fara don kada ki tsaya haɗawa a tsakiya, ki ɗan jingina allon yadda ruwan zai taru a ƙasan kowane layi ki ja shi zuwa na gaba. Babban burushi, kuma kada ki koma baya ki gyara. Da sassafe ya fi. Takardar ma in ta kwafi ce ba za ta yi ba, sai mai kauri.

Ɗan Wunti kuma, kan maganar manya da ba su taɓa shiga aji ba: a Oshogbo a 1964 wata Baturiya mai zane, Georgina Beier, ta yi wani ɗan gajeren horo, ta ba mutanen gari fenti da takarda. Cikinsu akwai ɗan rawa, shi ne Twins Seven-Seven, akwai mai gyaran wutar lantarki na 'yan wasan kwaikwayo, Jimoh Buraimoh, wanda daga baya ya shahara da zanen da ake jera duwatsun ado a kai. Sun zaga duniya da aikinsu. Ban ce kowa zai zama su ba.

Ɗan Wunti:
Ni dai har yanzu ina ganin wanda zai iya zai iya, wanda ba zai iya ba ko shekara goma ya yi.

Baba Mai Ritaya:
Zo ranar Asabar in ba ka fensir mu gani a wane ɓangaren kake.

Maman Husna:
Na karanta duka, Allah ya saka. Zan ci gaba da zuwa, amma maganar gaskiya har yanzu ina ganin awa guda ta tarihi ta yi yawa ga mai shago. Zan roƙe shi ya rage, kuma ya sako namu a ciki, musamman na rigunan nan. In ya ƙi, in an kunna majigi zan ɗauki jakata.

Uwar Gida Fadamar Mada:
Maman Husna don Allah ajin naku maza da mata ne a haɗe? Maigida ba zai bari ba in haka ne. Kuma me ake saya a fara?

Maman Husna:
A haɗe ne, amma mata muna gefe guda. Mun fi mazan yawa ma. In mun kai wani adadi ya ce zai ware mana ranar Lahadi da safe.

Malamin Zane:
Kayan farawa kada ki kashe kuɗi Hajiya. Fensir HB da 2B da 6B, masu B sun fi laushi da baƙi, masu H sun fi tauri. Kilina mai laushi, reza, da littafin zane ko farin kwali a yanka shi huɗu. Gawayin murhu ma yana yi, musamman na itace marar tauri. In an zo kala, ja da rawaya da shuɗi da fari sun isa, sauran duk daga cikinsu za ki haɗa, kuma wanda ya fara da kala goma sha biyu ba ya koyon haɗawa. Kambas na kanti yana da tsada. Ki sayi akoko a kasuwa, kafinta ya haɗa miki firam, ki ja yadin ya yi tauri ki buga, ki shafa farin fentin bango da aka gauraya da gam ɗin katako sau biyu, ki bari ya bushe tsakani. Fentin akirilik ya fi dacewa da mai yara a gida, da ruwa ake wanke shi kuma yana bushewa nan da nan. Fentin mai na masu zane yana kwanaki bai bushe ba, ga warin abin da ake tsinka shi da shi.

Autan Kobi:
Malam na auna a madubi. A tsakiya suke.

Mai Burushi:
Shugaba, tun da maganar Kafin Madaki ta taso, me zai hana mu haɗa kuɗin mota mu je da littattafanmu? Ba nisa daga Bauchi ta hanyar Ningi.

Shugaban Zaure:
Shawara mai kyau, amma gidan sarauta ne, ba a faɗa masa haka kawai da kyamara. Sai an aika an nemi izini tukuna. Wanda yake da ɗan uwa a Ganjuwa, ƙaramar hukumar da Kafin Madaki take, ya yi mini magana ta gefe. Masu son zuwa su rubuta suna a ƙasa, mata su faɗa in suna son motarsu daban.

Anti Nas Gombe:
A sa ni, in dai ba ranar da nake aikin dare ba ce. Zan kwana a Bauchi wajen yayata.

Ɗan Wunti:
A sa ni ni ma. Ni zan riƙe muku ruwa.